Na Je Sayen Mota, Na Dawo da Taya Huɗu

'Yata Amina ce ke rubutawa, ni ke faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta ƙara mata gishiri. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi sallah, amma abin da ya same ni na riƙe shi daram.

Duk Sallah in kun taru a tsakar gidan nan, ku da matanku da mazanku, sai wani ya tayar da labarin: wai Inna ta ɗaura kuɗi a ƙugu ta tafi sayen mota, ta dawo da taya huɗu a kan baro. Ku yi ta dariya, jikoki su taya ku. Dariyar ba ta dame ni ba, ni ma ina yi. Abin da ya dame ni, mutum ɗaya a cikinku ba ya yi. Abba yakan sunkuyar da kai, ya ce bari ya duba wani abu a waje. Shekara da shekaru ina kallonsa yana fita. Saboda shi na sa a ɗauko biro.

Mahaifinku ya rasu ya bar ni da ku biyar, da tabarma biyu, da tukunya. Na yi dako a kasuwar doya ta Lafia har gammo ya cinye mini gashin tsakar ka, yau ma bai fito ba. Daga dako na koma sayen karyayyar doya ina kasawa a bakin titi. Daga nan na kai ga sayen ƙwarya guda. Jikokin da suka tashi a Abuja su sani, ƙwarya doya ɗari ce. A shekarar da nake ba ku labari na riga na daina jiran doya a kasuwa, ƙauye nake shiga da kaina in saro. Kuma duk ƙauyen da nake shiga bai kai mini gonar Maman Terna ba. 'Yar Tibi ce, Kirista, gajeriya mai faɗin kafaɗa, gonarsu na bayan Agyaragu, sai an tsallake wani rafi. Mijinta ke noma, ita ke riƙe da rumbu da ciniki. Doyarta ba ta baƙi in an dafa, ba ta saurin ruɓa. Masu sakwara a garin nan da sunanta suke tambayata. Rabin abincin da kuka ci kuka girma daga rumbunta ya fito.

Ga yadda ake yi a can. In kun gama ciniki, manomi ya ware miki doyarki gefe, ke kuma ki sa mata alama. Wani jan fenti, wani gawayi. Tawa ɗigo uku ce na bula, irin wadda ake sa wa farin kaya wajen wanki. Ba a biyan kuɗi sai ranar lodi. Alamar ce ke tsare miki doya, daga wannan kasuwa zuwa ta gaba. In ranar kasuwa ta zagayo ba ki zo da mota ba, a wanke alamarki, wanda ya zo ya ɗauka. Ba mai cewa an cuce ki.

Ni kuwa ba ni da mota. Shata nake ɗauka a tasha, duk akori-kurar da na samu. Wata shekara da farkon damina na sa alama a ƙwarya takwas, na yi magana da wani direba. Ya samu lodin riɗi a Doma mai kuɗi fiye da nawa, ya tafi abinsa bai ce mini komai ba. Kwana uku ina zarya a tasha, kowace mota da aikinta. Ranar kasuwa na hau acaba na je hannu rabbana. Na tarar da masu babbar mota daga kudu suna loda doyata, da sauran shuɗi-shuɗi a jikinta. Maman Terna ta kawo mini kujera da ruwa. Ita kowa «ka» take ce masa, mace ko namiji.

«Kastoma, ni ba na fushi,» in ji ta. «Amma doya ba ya jiran mutum. Ruwa yana zuwa, rafi zai cika, yara suna jiran kuɗin makaranta. Wannan ɗaya ne. In ya yi biyu, ka nemi wani gona.»

Na sha ruwan, na ce na ji. A kan acaba na yanke cewa sai na sayi mota.

Na shiga adashi biyu. Na daina sayen zane. Na gaya wa mutum biyu kawai, wana Yaya Bukar da ɗana na fari, Abba. Kuskure na yi, don gaya wa Yaya Bukar magana daidai yake da ba mai shela. Shi kuwa Abba yana da shekara ashirin da biyu, ya koyi tuƙi a tasha, ya yi lasin, ba shi da abin tuƙawa. Tun ranar ya fara tafiya kamar mai makulli a aljihu. Kafin wata ya ƙare duk unguwa ta san Inna za ta sayi akori-kura, Abba ne direba. Har suna ya raɗa mata, ya ce zai sa a rubuta a goshinta.

Ni dai ba na sayen abin da ban auna ba. Lissafin biro ban iya ba, da doya nake auna komai. Na samu gwangwanin tumatir biyu. Ɗaya na haya, ɗaya na mallaka. Duk sanda kuɗin shata da na biya ya kai kuɗin ƙwarya guda, in jefa ƙwayar masara a na haya. Na mallaka kuma sai na nemi wanda zai gaya mini gaskiyar abin da mota ke ci. Na samu Danladi. Mutumin Eggon ne, dogo, mai wushirya, yana jan wata tsohuwar akori-kura da ake jin zuwanta tun daga nesa, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Wani Alhaji ya ba shi ita a kan ya riƙa biya duk mako, in ya gama ta zama tasa, in ya yi fashin mako uku a karɓe, abin da ya biya a baya ya bi ruwa. Duk direbobin tasha ya fi su jinkiri, don kusan kowace tafiya sai ya tsaya wajen mai faci. Amma in shi ya jera doya, za ki sauke ƙwarya shida ba ki sami karyayya biyar ba. Duk ranar da na hau motarsa sai in tambaye shi.

«Danladi, wannan makon me ta ci?»

«Hajiya, ta ci burki, ta ci batir, ta ci kuɗin kamasho. Masu tsare hanya ma sun ci nasu. Ni ne dai ban ci ba.»

Hajiya yake ce mini tun ban san hanyar filin jirgi ba. Abin da ya faɗa in mayar da shi doya a kaina, in jefa masara. Wata biyu ina yi, ranar nan Amina tana ƙarama ta bar ƙofa a buɗe, kaji suka shiga suka cinye mini lissafi tas, haya da mallaka duka. Na koma tsakuwa.

Da shekara ta zagayo na ɗaga gwangwanayen a hannu biyu. Na mallaka ya fi nauyi, nesa ba kusa ba. Dalili, doya tana da lokaci, mota ba ta da shi. Watannin da ba na shiga ƙauye gwangwanin haya yana hutawa, na mallaka kuwa bai huta ba ko mako guda. Mota ko tana tsaye tana ci. Amma akwai abin da ba ya shiga gwangwani: ranar da mota ta ƙi zuwa. Tsakuwa nawa zan jefa wa wannan? Na rasa. Ga kuɗin adashi sun fito, ga damina ta ƙarato, ga na sa alama a ƙwarya goma sha biyu a rumbun Maman Terna, saura kwana huɗu kasuwa. Sai ga Yaya Bukar da sassafe, babbar riga tana jan ƙasa.

«Yagana, tashi. Na samo miki mota. Fara sol, daga waje ta zo, ko ƙura ba ta sha ba. Har da rediyo.»

«Rediyon ƙwarya nawa yake ɗauka?»

«Ke dai matsalarki ke nan. Tashi mu je.»

Na ɗaura lalita a ƙugu, duk abin da na mallaka yana ciki. Muka je wajen dillalin, a hanyar Makurɗi. Motar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Abba ya zagaya ta yana shafa ta kamar amarya. Dillali ya tayar da ita, ya ce in saurari inji. Na ce ni ban san yaren inji ba. Doya ma sai na ƙwarzane ta da farce na ga cikinta nake saye. A ba ni motar in ɗora mata ƙwarya shida daga bayan Agyaragu, in ta kawo su lafiya a yi magana. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na juya zan tafi. Sai ya kira ni ya ce in zuba mai, Yaya Bukar ya tsaya mini. Muka kama hanya, Abba a sitiyari, ni a gefensa, Yaya Bukar a bakin taga yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu.

A motar haya, da na zauna nake barci, sai an taɓa ni a ce an iso. Ranar nan ban runtsa ba. Ta faɗa rami, na leƙa taya. Wani abu ya yi ƙara a ƙasa, na ce mene ne. Reshe ya goge ta, na ji kamar fatata aka yaga. Ban biya ko kwabo ba tukuna, amma ta riga ta hana ni barci. Shi kuwa Abba ya yi tuƙi mai kyau. A rubuta wannan. Bai yi gudu ba, bai yi gaggawa ba, ya tsallake rafin da zuwa kamar ya shekara yana bi.

Da muka shiga gidan gona matan suka fito suna tafi suna rawa. Maman Terna ta zagaya motar sau biyu, ta leƙa madubi ta gyara ɗankwali.

«Kastoma, kai ne da wannan? To yanzu ka zama babban mutum, ba za ka ci sakwara na ba.»

«Kawo ki gani.»

Muka ci sakwara da miyar agushi har Yaya Bukar ya cire hula. Maza suka shiga lodi. Ita kuma ta kama hannuna ta kai ni bayan gida, wajen babban rumbun da ba ta taɓa buɗe mini ba. Ta ɗaga asabari. Doya ce jere har sama, manya, busassu, ba tabo. Da ido na ƙiyasta, ta haura ƙwarya talatin.

«Terna zai yi aure,» ta ce. «Zan sayar duka, lokaci ɗaya. Masu babban mota sun ce za su zo ranar kasuwa. Ni na fi so kai. Amma kuɗi a hannu, kuma ka kwashe kafin rafi ya rufe. Ka iya?»

Na dafa ƙuguna. Irin doyar nan in ta shigo gari kafin hanya ta yanke, a tsakiyar damina sai yadda na ce. Kuɗin rumbun nan suna jikina. Su ne kuma kuɗin farar motar da ke tsaye a ƙofar gida. Ɗaya za su saya. In na sayi mota, abin da zai rage ko ƙwarya goma sha biyun da na sa wa alama ba zai biya ba. Na ga mata da yawa a kasuwar nan sun yi haka: su zuba jari a mota, su wayi gari suna dakon doyar wasu, motar na cin abin da ta samo. Na tsaya a bakin rumbun nan na tambayi kaina, motar da zan saya doyar wa za ta ɗauka? A nan na fasa. Ina so a rubuta wurin da kyau: a bakin rumbu, da rana tsaka, Abba yana can yana lodi yana waƙa. Abin da ya rage mini shi ne motar da za ta kwashe rumbun cikin kwana uku, kuma ba ni da ita. Na ɗebo bula na ɗiga uku a jikin ƙofar rumbun.

«Zan dawo,» na ce.

«Ka tuna magana na. In ya yi biyu.»

«Na tuna.»

Ban gaya wa kowa ba. Muka juyo da ƙwarya shida. A rafi Abba ya bi tsakiya, inda ya bi da zuwa. Amma da zuwa motar wofi ce, yanzu da kaya. Ta nutse a yashi har gindi. Ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Yaya Bukar ya fito turi, ya tattare babbar riga, taya ta watsa masa laka tun daga gemu har takalmi. Na fita na zauna a gindin wata ɗorawa. Dariya ta zo mini, na haɗiye saboda fuskar Abba.

Muna nan sai muka ji kwaram-kwaram daga nesa. Danladi ne da buhunan agushi. Ya bi gefen rafin ta wajen duwatsu, inda ido ke cewa ya fi zurfi, ya haye. Ya fito yana murmushi.

«Hajiya, an yi sabuwar amarya ba a gayyace mu ba?»

«Ga ta nan ta ƙi fita daga wanka. Kana da igiya?»

«Motata rabinta igiya ce.»

Ya ɗaura, ya ja. Tsohuwar ta yi kuka, ta yi hayaƙi, farar ta fito. Tana fitowa tayar Danladi ta baya ta fashe, har tsuntsaye suka tashi. Ya sauko ya duba. Na je na duba ni ma. Duk huɗun sun suɗe kamar kan jariri, faci a kan faci. Ya zauna a kan dutse ya yi 'yar dariya.

«Shi ke nan. Wannan ne mako na uku. Ran Jumma'a Alhaji zai karɓi makulli.»

Ya tashi ya leƙa bayan farar motar, ya girgiza kai, ya ce a sauke. Shi da Abba suka sake jeri, kai da gindi, kai da gindi, manya a ƙasa, ciyawa a tsakani. Na ji abin da ya ce masa, don ina kusa.

«Ɗan'uwa, kada ka damu. Rafin nan kowa sai ya biya shi sau ɗaya. Ni sau uku na kwana a ciki. Hannunka yana da kyau.»

Abba ya ci gaba da jeri. Ni kuwa ina kallon tayoyin nan. Ga mutum da mota, ya san rafi, ya san jeri, ba shi da taya. Ga ni da doya, ba ni da mai zuwa ranar da na kira. Na kira shi gindin ɗorawa.

«Sabuwar taya huɗu ƙwarya nawa ce?»

Ya san yadda nake lissafi. Ya ɗaga ido sama. «Kamar uku, Hajiya.»

«Zan saya maka. Ba bashi ba ne, kada ka kawo mini kwabo. Kuɗin shata zan biya ka cif, yadda kowa ke biya. Abu biyu nake so. Ranar da na kira, ni ce ta farko, ko wa ya ba ka ninki. Kuma kai za ka jera doyata da hannunka.»

Ya dube ni. «Har yaushe?»

«Har tayar ta suɗe. In ta suɗe mu sake magana.»

«A yi takarda?»

«Ka iya karatu?»

«Kaɗan.»

«Ni ko kaɗan. Bar takarda. Ga Yaya Bukar shaida.»

Yaya Bukar yana goge laka daga gemu. Sai a lokacin ya gane ba za a sayi farar mota ba. Abin da ya faɗa ba zan sa Amina ta rubuta ba. Ya yi wa dillali alkawari, ya sa rai da la'ada, ya gaya wa mutanen masallacinsu. Har muka iso Lafia yana magana. Abba ya tsayar da motar a kasuwa. Ya sauke doya, ya wanke motar da hannunsa, ya mayar wa dillali, ya miƙa makulli ba tare da ya kalle ni ba.

Na wuce shagon taya. Na zaɓi huɗu, na danna kowace da gwiwa, na biya. Danladi yana can yana neman mai faci, ni kuma ba na barin kayana a shagon wani. Na kira mai baro. Abin da ban sani ba, matan unguwa sun taru a ƙofar gida tun la'asar, an share waje, an yayyafa ruwa, ana jiran mota. Suka hango ni, aka fara guɗa. Sai ga baro. Guɗar ta tsinke a tsakiya. Maƙwabciyata Ya Falmata, Allah ya jiƙanta, ta riƙe haɓa.

«Yagana, ina sauran?»

«Da kaɗan-kaɗan ake tara ta. Baɗi zan sayo madubi.»

Wata ta zauna a ƙasa don dariya. Wannan wurin kun iya ba da shi, ba sai na maimaita ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na ji kwaram-kwaram a ƙofa. Aka ɗaura taya. Motar nan ta tsaya a kan sababbin ƙafafu kamar tsohuwa da takalmin Sallah. Na shiga, na jingina da ƙofar igiya, kafin mu fita gari na yi barci. Sai a gona aka tashe ni. Na kwance lalita na zube wa Maman Terna kuɗinta a kan tabarma, ta ƙirga, mijinta ya sake ƙirgawa. Kwana uku muna sawu biyu-biyu, wata rana uku. Ba faci ko sau ɗaya. Danladi har ya riƙa ɗaga wa mai facinsa hannu in mun wuce, shi kuma yana yi masa daƙuwa. Ranar kasuwa hadari ya haɗo tun hantsi. Muna ɗaure lodin ƙarshe masu babbar mota suka iso, suka tarar da rumbu wayam, kaza na tono a ciki. Maman Terna ta kawo musu kujera da ruwa, kamar yadda ta yi mini bara. Sannan ta karɓi ƙullin bula daga hannuna, ta tsoma yatsa, ta je jikin ƙofar motar Danladi ta ɗiga uku.

«Wannan ma an sa masa alama,» ta ce. «Kastoma, daga yau naka ba a wankewa. Ko kasuwa biyu ya wuce, zan jira.»

Muka taso yayyafi na sauka. A rafi ruwa ya fara ƙaruwa, ya kai rabin taya, ya kai ƙasan ƙofa, ya shigo ya jiƙa mini ƙafa. Danladi ya bi ta duwatsu yana ce wa motar, yi haƙuri uwata, yi haƙuri. Muka haye. Bayanmu ruwa ya tsuge. Rafin bai sake ba mota hanya ba sai bayan wata uku. Ni da ba na waƙa, ranar nan na yi, har Danladi ya ce in bari kada inji ya tsorata.

Kuɗin shatar kwana ukun nan su ya kai wa Alhaji ran Jumma'a. Bayan shekara biyu motar ta zama tasa. Ya sa mai fenti ya zana ɗigo ukun nan a ƙofa don kada ruwa ya wanke. Taya ta suɗe, muka sake magana, ta sake suɗewa, muka sake. Bai taɓa saɓa mini ba har ya bar tuƙi. Doyar kuwa na sayar da ita a hankali cikin damina. Kwanon da ke kan ɗakunan nan daga ita ya fito, da kuɗin makarantar mai riƙe da biron nan. Mun je auren Terna a bayan akori-kura, ni da Ya Falmata, muka ci muka yi rawa da 'yan coci.

Abin yana da farashi. Yaya Bukar ya yi Sallah biyu bai taka gidan nan ba, sai da na aika masa da doya goma zaɓaɓɓu ya zo ya ce dama shi ma ya ga motar tana da matsala. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar Abba ne. Bai bi mu ko sawu ɗaya ba. Bayan mako biyu ya ɗauki jaka ya tafi Abuja tuƙa motar wani, ya fi shekara bai zo ba. Ɗakinsa ina share shi duk Jumma'a. Da ya dawo ya shiga doya tare da ni, muka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Shi bai tambaya ba, ni ban faɗa ba. Halina ne, na ɗauka abin da yake a fili ba ya bukatar baki.

To Abba, ga shi da baki. Ka ɗauka na fasa ne don ka maƙale a rafi, na ga ba za ka iya ba, na ɗauki abin da yake naka na ba bare a gaban mutane. Ba haka aka yi ba. Tun a bakin rumbu na fasa, kafin ka murɗa makulli mu juyo. Da ka tashi sama da motar nan ka tsallake rafin, da ban saya ba. Tuƙinka ba shi da aibi. Laifina ɗaya ne, na bar ka ka wanke motar nan kai kaɗai ban zo na tsaya kusa da kai na gaya maka ba. Ka yafe mini wannan.

Yau kai ke loda tirela zuwa Legas da Fatakwal. Guda nawa ka saya a ciki? Ko ɗaya. Na ji kana gaya wa yaranka a kasuwa cewa kuɗin doya a doya suke zama. Ban ce komai ba, amma na ji.

Rabin tayar da kajina ke shan ruwa a ciki, can gindin lemo, ɗaya ce daga huɗun farko. Danladi ya kawo mini ita da ta gama aiki. Kada wanda ya jefar da ita bayan raina. Sallah mai zuwa kuma in an tayar da labarin, Abba, ba abin da za ka duba a waje. Ka zauna. Wurin rafi kai za ka bayar, ka fi kowa ganin gemun kawunka.

Amina, ajiye biron. Tayar can ta bushe, je ki zuba musu ruwa.